Saidu Keita, mai hoton Bamako da duniya ba ta san sunansa ba sai da ya tsufa

A yau za mu nufi ƙasar Mali, birnin Bamako, garin da da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suka sani saboda sarin shadda da galila. Mutumin da za mu ba da tarihinsa mai hoto ne, irin masu hoton da iyayenmu ke zuwa wurinsu ranar salla su yi ado a ɗauke su. Sunansa Saidu Keita, a littattafan Turawa ana rubuta shi Seydou Keïta. Ya rasu tun shekara ta 2001, amma har yanzu ana buga sabbin littattafai a kan aikinsa, kuma a shekara ta 2025 babban gidan adana kayan fasaha na unguwar Brooklyn, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, ya buɗe baje kolin hotunansa tare da sabon littafi mai kauri.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, labarinsa labarin sana'a ne da ciniki. Akwai yadda ake jawo mai saye, akwai yadda ake tattalin jari, akwai kuma abin da ke faruwa idan haja ta yi daraja a hannun wani, nesa da mai ita.

Yaron kafinta

An haifi Saidu Keita a Bamako lokacin da ƙasar Mali ke ƙarƙashin mulkin Faransa, ana kiranta Sudan ta Faransa. Wasu littattafai sun ce a 1921 aka haife shi, wasu kuma 1923, kamar dai yadda muka saba gani ga dattawanmu da aka haifa kafin takardar haihuwa ta yawaita. Shi ne babba cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa kafinta ne, haka ma ƙanen mahaifin nasa mai suna Tiemoko. Saidu bai shiga lakkwal ba. Tun yana ɗan shekara bakwai ya fara koyon sassaƙa katako da haɗa kujeru da gadaje a hannun waɗannan iyayen nasa biyu.

A cikin shekara ta 1935 baffan nasa Tiemoko ya dawo daga wata tafiya da ya yi zuwa ƙasar Sanagal. Cikin tsarabarsa akwai wata ƴar na'urar ɗaukar hoto mai siffar akwati, ƙirar Kodak Brownie, da fim ɗinta mai ɗaukar hoto takwas. Yaron ya ƙwallafa rai a kanta, baffan ya bar masa. Daga nan ya fara gwaji a kan ƴan gidansu da yaran da ke koyon aiki tare da shi. Hotunan farko ba su yi kyau ba, wasu sun yi duhu, wasu mutanen sun motsa, ga shi kuma kowane gwaji kuɗin fim ne da kuɗin wanki ke tafiya. Bai bari ba. Yana aikin katako, abin da ya samu ya zuba cikin hoto.

Mutum biyu ne suka taimaka masa ya ƙware. Na farko wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Garnier, mai kantin sayar da kayan hoto a Bamako, inda Saidu ke sayen fim da takarda, yana kuma kai wanki. Na biyu ɗan ƙasa ne, malamin makaranta kuma mai hoto, sunansa Muntaga, wanda ya nuna masa yadda ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, ya kuma bar shi yana amfani da ɗakinsa. Zuwa shekara ta 1939 Saidu ya fara cin abinci da hoto, ko da yake bai ajiye zarto ba tukuna.

Shago a bayan gidan kaso

A shekara ta 1948 ya buɗe wurin aikinsa na kansa, cikin filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, wato sabuwar Bamako da harshen Bambara, bayan babban gidan kason garin. Duk ɗan kasuwa ya san cewa rabin ciniki mazauni ne. Wannan wuri yana kusa da tashar jirgin ƙasa, kusa da babbar kasuwa, kuma bai da nisa da gidan silima. Jirgin da ya haɗa Dakar da Bamako yana sauke fatake, ma'aikatan gwamnati, sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da ƴan ci-rani. Garin na cika yana batsewa, kuma kowane baƙo yana son ya aika wa mutanen ƙauyensu shaidar cewa ya zo birni, ya kuma samu.

Saidu bai zauna jiran mai saye ba. Yakan tura yaransa tashar jirgi da kasuwa ɗauke da samfurin hotuna, suna nuna wa matafiya, suna rako su har ƙofar gida. Bayan kowane hoto yakan buga hatiminsa mai sunansa, saboda haka duk inda hoton ya je, talla ce ta je. Cikin ƴan shekaru sunansa ya wuce Bamako, mutane na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Ranar Asabar da ranakun salla layi ake yi a ƙofar gidan.

Yadda yake aiki

Na'urar da ya yi suna da ita babba ce, mai tsayuwa kan ƙafafu uku, wadda mai hoto ke rufe kansa da baƙin ƙyalle yana leƙawa. Dodon hotonta, wanda masu sana'ar a wajenmu ke kira kilishe, faɗinsa santimita 13 ne, tsawonsa 18, wato ya kai tafin hannun babban mutum har ya ɗara. Da yake dodon babba ne, ba ya buƙatar injin faɗaɗa hoto. Yakan ɗora dodon kai tsaye bisa takarda, ya ba shi haske, sai hoto ya fito daidai girman dodon. Wannan ne ya sa komai ke fitowa tsaf a hotunansa: zaren surfani, tsagar fuska, kitso, lallen hannu, har rubutun da ke jikin agogo.

Kayan aiki na da tsada, daga Faransa ake kawo su, saboda haka sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Babu a sake, babu a zaɓi mai kyau cikin goma kamar yadda muke yi yau da wayar salula. Dole ya natsu, ya gyara zaman mutum, ya duba haske, kafin ya ɗauka. Ya fi son hasken rana, shi ya sa yawancin aikin a tsakar gida ake yin sa, ƙasa na bayyana ƙarƙashin ƙafar mutane. Masu zuwa da dare ne ake kunna wa fitila.

Sai maganar labule. Farkon abin da ya rataya bayan masu ɗaukar hoto shi ne zanen gadonsa mai geza. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai furanni ko mai zanen ganye a kasuwa, yana canzawa bayan shekara biyu ko uku. Wannan ƙaramar dabara ta yi amfani daga baya, domin lokacin da aka zo tambayarsa shekarun hotunan, da labulen yake gane wanne ne na farkon shekarun 1950, wanne ne na ƙarshensu.

Abin da ya fi jawo masa jama'a shi ne kayan aro. Ya tanadi kwat irin ta Turawa, da taye, da hula, da tabarau, da agogon hannu, da alƙalami, da akwatin rediyo, da wayar tarho, da furen roba, da keke, da babur ƙirar Vespa. Da ya samu hali ya sayi mota Peugeot 203, ita ma ta shiga cikin kayan aiki, mutane na jingina da ita ana ɗauka. Saurayin da ba shi da ko sisi zai shigo da rigar aiki, ya fita da hoton da ke nuna shi kamar babban akawu. Kada mu yi saurin cewa ƙarya ce. Mutumin da yake ƙarƙashin mulkin mallaka, wanda aka saba ɗaukarsa hoto don takardar shaida ko don katin da Turawa ke aikawa gida su nuna baƙar fata a matsayin abin kallo, a nan shi ne ya biya kuɗinsa, shi ne ya zaɓi yadda yake so a gan shi. Ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo a duniya na wani saurayi ne cikin farar kwat, da tabarau, da alƙalami a aljihu, yana riƙe da fure. Wani kuma na wani ƙaton dattijo ne cikin babbar riga, ya ɗora ƴar jaririya a cinya yana murmushi.

Mata da zannuwansu

Idan muka buɗe kowane littafin hotunansa, za mu ga mata sun fi yawa, kuma su ne suka fi ɗaukar ido. Su ba sa cika aron tufafi. Da nasu suke zuwa, wani lokaci da kala biyu ko uku a ƙunshe, a canza a sake zama. Akwai atamfa, akwai shadda, akwai zanen saƙi da na rini, akwai manyan ƴan kunnen zinariya, da tsabar zinariya da ake jerawa a goshi ko a kitso, da ɗaurin kallabi iri-iri. Saidu yakan baza rigar mace yadda faɗinta da aikin wuyanta za su fito, ya gyara mata hannu yadda zobe da awarwaro za su bayyana, ya ɗan karkata fuskarta gefe. Wata takan kishingiɗa bisa gado, ta tallafe kai da hannu. Wata ta dafa rediyo. Wasu biyu, aminai ko kishiyoyi, su yi anko su tsaya tare. Akwai waɗanda suka hau Vespa, akwai wadda ta zauna gaban keken ɗinki.

Hotunan baƙi da fari ne, amma da yake yakan haɗa zanen mace mai ado da labule mai ado, sai ido ya ga kamar launi ne ke motsi. Wasu masu hoton kan kai wa mai firam, shi kuma ya shafa ɗan launi a kan zinariya ko farce ko kallabi kafin ya sa gilashi.

Ga ƴan kasuwar yadi, waɗannan hotuna kamar kundin tarihin sana'arsu ne. A ciki ana ganin irin atamfar da ta yi kasuwa shekara saba'in da suka wuce, da irin ɗinkin da teloli ke yi, da yadda rigar Turawa mai kumburarren hannu ta gauraya da ɗaurin zane na gida. Baje kolin Brooklyn na 2025, wanda wata marubuciya Ba'amurkiya mai suna Catherine McKinley ta shirya, ya bi wannan hanya: an jera hotunan tare da zannuwa da kayan ado irin na wancan zamani, don mai kallo ya ga abin da matan suka sa a jikinsu. Ita wannan mata ta taɓa rubuta littafi guda a kan tarihin baba da rini.

Gwamnati ta kira shi

Ƙasar Mali ta samu ƴancin kai ranar 22 ga watan Satumba na 1960, ƴan makonni bayan namu na ranar 3 ga watan Agusta. Shugaba Modibo Keita ya ɗauki hanyar gurguzu, gwamnati ta riƙe shigo da kaya da fitar da su. A 1962 Mali ta fita daga kuɗin sefa ta buga nata, abin da ya sa ƴan kasuwar Bamako suka fito zanga-zanga, aka kama mutane. A cikin wannan shekara ce gwamnati ta ɗauki Saidu aikin ɗaukar hoto a hukumar tsaron ƙasa. A irin wancan zamani, idan hukuma ta kira mutum, ba shi da bakin cewa a'a. Ya yi ta haɗa aikin biyu na ɗan lokaci, sannan a 1963 ya rufe shagonsa.

Ya ci gaba da aikin gwamnati har bayan juyin mulkin 1968 da ya kawo Musa Tarawure kan mulki, bai ajiye ba sai a 1977. Hotunan da ya ɗauka a wannan aiki na hukuma ne, ba su cikin littattafan da ake bugawa. Abin da duniya ta san shi da shi, aikin shekara goma sha biyar ne kawai, daga 1948 zuwa 1963. Bayan ya bar aiki sai ya koma ga wani abin da yake so tun da can, wato gyaran injuna da babura. Zamani kuma ya juya, hoto mai launi ya shigo, injunan wanki na zamani suka kashe kasuwar masu baƙi da fari a duk Afirka ta Yamma, har da nan Nijar.

Abu ɗaya ya yi wanda ya canza ƙarshen labarinsa. Bai zubar da dodannin hotunansa ba. Dubbai ne, ya jera su cikin akwati a gidansa, saboda ko wani zai dawo wata rana neman a sake wanke masa. Shekara kusan talatin suna nan a ajiye.

Hoto ba suna

A shekara ta 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka ta ƙarni na ashirin a birnin Niyok, wanda wata masaniya mai suna Susan Vogel ta shirya. Cikin kayan da aka rataya akwai wasu hotunan mutanen Bamako, a ƙarƙashinsu an rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Mai su kuwa yana nan da ransa a Bamako-Kura, bai ma san ana yi ba. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ɗan mutumin da ya kafa kamfanin motoci na Simca, ya ga hotunan, suka burge shi. Sai ya tura wakilinsa André Magnin, wani Bafaranshe, ya nemo mai su.

Magnin ya sauka Bamako a 1992 da kwafin hotunan a hannu. Aka kai shi wurin Malik Sidibe, wani mai hoto da ya yi suna wajen ɗaukar samari da ƴan mata a wuraren rawa, wanda a lokacin yake gyaran na'urorin hoto a shagonsa. Kallo ɗaya Malik ya yi ya gane aikin Saidu ne, ya kwatanta masa gidan. Kafin wannan ma wata Bafaranshiya mai hoto, Françoise Huguier, ta riga ta san dattijon, ita ma ta yi ƙoƙarin nuna aikinsa a Faransa. Magnin ya zauna da Saidu suna duba dodanni ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya tafi birnin Faris da guda 921. Mu riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Littattafai da manyan gidaje

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1994 gidauniyar Cartier ta yi masa baje koli shi kaɗai a Faris. A wannan shekara ce kuma aka fara babban taron masu hoton Afirka a Bamako, zamanin shugaba Alfa Umar Konare, taron da Françoise Huguier na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma babbar kyautarsa tana ɗauke da sunan Saidu Keita. A 1997 kamfanin buga littattafai na Scalo ya fitar da babban littafin hotunansa, wanda Magnin ya tsara, da rubutun masanin tarihin Mali Yusuf Tata Sise. A 1998 wata mujallar kwalliya ta Amurka, Harper's Bazaar, ta sa dattijon ya sake riƙe na'ura ya ɗaukar mata hotuna a Bamako. Kamfanin Steidl na Jamus ya buga wani babban littafin a 2011, sannan a 2016 aka baje hotunansa kusan 300 a Grand Palais, ɗaya daga cikin manyan zaurukan birnin Faris.

Ba shi kaɗai ya ci moriyar wannan farkawa ba. Mujallar Revue Noire, wadda aka fara bugawa a Faris a 1991 don fasahar Afirka ta zamani, ta fitar da wani kundi a 1998 mai tattare da tarihin masu hoton Afirka ƙasa bayan ƙasa. Malik Sidibe ya karɓi babbar kyautar taron fasaha na birnin Benis a ƙasar Italiya a 2007. A nan gida ma aka waiwayi aikin Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar dare da bukukuwan birnin Yamai a shekarun 1960 da 1970, ya kuma rasu a 2014.

Sai dai hoton da ake ratayawa a waɗancan zauruka ya bambanta da wanda matan Bamako suka kai gida. Nasu ɗan ƙarami ne, mai shiga jaka ko firam na bisa tebur. Na Turai an faɗaɗa shi har ya wuce mita ɗaya, an ƙara masa baƙi da haske don ya ɗauki ido daga nesa. Shi kansa Saidu ya nuna jin daɗi da ya ga aikinsa da wannan girma, domin bai taɓa samun injin da zai yi hakan ba. A 1997, a wani shagon sayar da kayan fasaha mai suna Gagosian a Niyok, farashin babban hoto guda ya kai dalar Amurka 16,000, wato sama da miliyan 9 na sefa a canjin wancan lokaci. Hoto ne wanda mai shi ta biya ƴan daloli aka ɗauke ta.

Rigimar dodanni 921

Inda kuɗi suka shiga, magana ba ta ƙarewa. A shekarar ƙarshe ta rayuwarsa Saidu ya raba gari da Magnin da Pigozzi. Ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da wani dillali mai suna Jean-Marc Patras, aka kuma kafa wata ƙungiya mai sunansa a Bamako don kula da aikinsa, aka nemi a dawo da dodannin nan 921. Ana cikin haka ya rasu a birnin Faris ranar 21 ga watan Nuwamba na 2001, yana da shekara wajen tamanin. Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa rigimar ta kai gaban alƙalai, har jaridar New York Times ta yi dogon rubutu a kanta a 2006. Kowane ɓangare da hujjarsa. Masu cewa su ne suka fito da shi duniya suna da abin faɗa, domin ba don su ba wataƙila da gara da zafi sun cinye akwatin. Masu cewa dukiyar mai ita ce da magadansa su ma suna da abin faɗa. Tambayoyin da aka yi ta ja a kansu duk ɗan kasuwa zai gane su: dodannin aro aka bayar ko sayarwa aka yi, kwafi nawa aka yarda a wanke daga kowane dodo, wa ke da ikon sa hannu a kai, kuma kashi nawa ne rabon mai aikin. Dodon hoto kamar hatimin buga kuɗi yake, wanda ya riƙe shi zai iya fitar da kwafi iya son ransa, kuma yawan kwafin shi ke ɗaga farashi ko ya karya shi. Ga dattijon da bai yi lakkwal ba, takardun da aka rubuta da Faransanci a wata ƙasa ba abu ne mai sauƙin bi ba.

Akwai kuma wasu da ba a cika tambayarsu ba, wato mutanen da ke cikin hotunan. Saidu bai rubuta sunayen masu zuwa wurinsa ba, saboda haka yawancin hotunan a littattafai ba su da suna, sai shekara kawai. A 1991 mai hoton ne ba a san sunansa ba, yau kuma matan da suka yi ado suka biya kuɗinsu ne ba a sani ba. Fuskar kakar wani tana rataye a Faris ko Niyok, ana buga ta a bangon littafi, jikokinta a Bamako wataƙila ba su taɓa gani ba.

Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da irin wannan dukiya. A gidaje da yawa na Zongo, Birni, Sabon Gari da sauran tsofaffin unguwanninmu, cikin adaka ko ƙarƙashin kwalla, akwai hotunan aure, na suna, na dawowa daga Makka, na ranar da aka buɗe rumfa a kasuwa. Akwai kuma tsofaffin masu hoto ko magadansu da ke da buhunan dodanni a ɗakin ajiya, wasu suna ƙonawa don su samu wuri. Abin da ke kashe hoto sanannen abu ne: danshin damina, zafin rufin kwano, gara, da hannu mai maiƙo. A sa su cikin ambulan na takarda, a akwati mai rufi, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango mai tsattsafo. Kada a naɗe su cikin leda, domin tana riƙe gumi. Tun tsofaffi na da rai a tambaye su wane ne wannan, wace shekara ce, wane gari ne, a rubuta a bayan hoton da fensir. A ɗauki kwafi da waya a raba wa dangi.

Idan kuma wani baƙo ya zo neman saye ko aron tsofaffin hotuna da dodanni, ba laifi ba ne a yi ciniki, amma a yi shi yadda muke yin na kaya masu daraja. A ƙirga abin da aka bayar, a rubuta ko aro ne ko sayarwa, a sa ranar dawowa, a faɗi abin da za a yi da su da rabon mai su, a samu shaidu, a kuma sa wanda aka amince da shi ya karanta takardar kafin a dangwala hannu. Mu da muke ba da bashin atamfa turmi goma mu rubuta a littafi, bai kamata mu miƙa tarihin gidanmu da baki kawai ba.

Saidu Keita ya yi aikinsa ne don maƙwabta da matafiya, a tsakar gida, da zanen gado da hasken rana. Ya kyautata wa mai saye, ya yi tattalin kayan aiki, ya ajiye abin da wasu ke zubarwa. Ga mai zuwa Bamako sari, unguwar Bamako-Kura tana nan kusa da tsakiyar gari. Ga wanda ba shi da tafiya kuma, ya sa ɗansa ko jikarsa su rubuta sunan Seydou Keïta a waya, ya duba matan nan da zannuwansu, sannan ya je ya buɗe adakar gidansu. Sai mun sake haɗuwa.